Kwana 21 Ana Sa Ido: Yadda Legas Ta Tare Ebola

Ranar 20 ga Yulin 2014 jirgi ya sauke wani ɗan Laberiya, Patrick Sawyer, a Legas, jikinsa ya yi tsanani. Aka kwantar da shi a asibitin First Consultants da ke Obalende, ana zaton zazzaɓin cizon sauro ne. Dakta Ameyo Adadevoh ba ta gamsu ba, ta yi zargin Ebola. Mutumin ya tubure sai an sallame shi ya wuce taron ECOWAS a Kalaba, aka yi ta matsa mata lamba, ta kafe cewa babu inda za shi. Ya mutu ranar 25 ga wata. Ita ma cutar ta kama ta, ta rasu ranar 19 ga Agusta.

Labarinta ne ya fi yawo a bakin jama'a, kuma ta cancanta. Sai dai aikin da ya biyo baya, mai gajiyarwa, shi ya ƙarasa kashe wutar.

Ebola kan kwanta a jiki har kwana 21 kafin ta nuna kanta, kuma mai ɗauke da ita ba ya harbin kowa sai alamu sun fito. A kan wannan aka gina komai. Ma'aikatan lafiya, cikinsu har da waɗanda suka goge a yaƙi da shan inna, suka bi sawun mutum kusan 900 da suka yi hulɗa da majinyata. Kullum a ƙwanƙwasa ƙofa, a auna zafin jiki, a tambaya ko akwai amai ko gudawa, a rubuta. Wanda zafinsa ya hau, nan take motar asibiti ta kai shi sashen keɓe majinyata a Yaba.

Mutum ɗaya daga cikin waɗanda suka yi hulɗa da majinyatan ya sulale ya tafi Fatakwal, likita ya duba shi a ɓoye a otal. Likitan ya kamu, ya mutu, aka sake sabon bin sawu a can.

Ga kuma jita-jitar cewa wanka da shan ruwan gishiri na hana Ebola, wadda ta karaɗe ƙasa a watan Agusta, ta kwantar da lafiyayyu a asibiti, har da asarar rai, ba tare da ta kare kowa ba.

Mutum 20 suka kamu, 8 suka rasu. Da aka cika kwana 42 babu sabon kamu, Hukumar Lafiya ta Duniya ta ayyana Nijeriya a matsayin wadda ta rabu da Ebola ranar 20 ga Oktoba.