Awon Nauyin Mutum-mutumin Gasar 'Yan Makaranta

Wannan bayani domin Hakimai ne da malamansu na ƙasar Bagudo, tun daga Zagga da Ka'oje har Illo da Lolo a bakin iyakar Benin, don in malaman makaranta sun zo musu da zancen gasar ƙera mutum-mutumi su san inda wuyar take.

Wani Ba'amurke, Dean Kamen, shi ya kafa ƙungiyar FIRST cikin 1989, aka yi gasarta ta fari cikin 1992. Kowace shekara a watan Janairu akan bayyana wa 'yan makaranta aikin da injinsu zai yi, su ƙera shi cikin 'yan makonni. Sunan mutum-mutumi dai suna ne kawai, abin ya fi kama da amalanke mai hannu. Ɗaliban Nijeriya sun halarci wata gasa mai kama da ita a birnin Washington cikin 2017.

Kafin a shiga fili sai an ɗora inji bisa sikeli. Cikin 2018 iyakarsa laba 120 ce, watau wajen kilo 54, ban da batir da matashin da ke kare shi daga karo. Cikin 2019 aka ɗaga zuwa 125, cikin 2025 kuma aka sauko zuwa 115. Wanda ya zarce ba ya wasa sai ya rage, ko daga ina ya zo. Saboda haka tilas a karanta dokar shekarar da ake ciki, kada a dogara da ta bara.

Mutanen bakin Kwara ba baƙin wannan magana ba ne. Mai jirgi na kirki tun a tudu yake ƙidaya buhunan shinkafa, ba sai ya kai tsakiyar ruwa ba. Kuskuren yara ke nan: sai sun gama ƙira su auna, su tarar da rarar laba biyar, su ɗauki abin huji su bi jikin inji suna hudawa. Wahalar banza ce. Hujin da faɗinsa ya kai inci ɗaya a fallen alminiyam mai kaurin sumunin inci, sai an yi irinsa fiye da ɗari kafin a rage laba ɗaya tak, ga shi kuwa an raunana ƙarfen. Daga ƙarshe sai su cire hannun da suka fi shan wuyarsa.

Hanyar da ta fi ita ce wadda kowane malamin Hakimi ya saba da ita wajen kasafin kuɗi. Tun ran farko a buɗe littafi, a yanka wa kowane sashe rabonsa: ƙafafu kaza, hannu kaza, wayoyi kaza. Duk abin da za a ɗaura a auna shi tukuna a rubuta, har kusoshi da noti, gama su ne ɓarayin da ba a gani. Inda alminiyam zai ɗauki aiki kada a sa baƙin ƙarfe, domin nauyinsa ya kusa ninka na alminiyam sau uku. A kuma bar rarar 'yan labobi ba a taɓa ba, don sikelin gida da na alƙalan gasa ba safai bakinsu yakan zo ɗaya ba.

Makarantar da ba ta da sikeli, Hakimi yana iya sa baki masu sayen shinkafa su ba da aron nasu sau ɗaya a mako.