Ko Kun Sani?

Tun kafin siminti ya shigo, maginan cikin birnin Kano suna mayar da sharar masu sana'a kayan gini. Katsin da ke kwantawa a gindin rijiyoyin marina, irin na Ƙofar Mata, shi ake kwashewa a shanya a ƙona. Sai a kwaɓa shi da gashin jima daga majema da ruwan dafara mai yauƙi, ya zama laso. Da shi ake shafe soro da bango don kada ruwan damina ya ratsa. Can a Neja Delta kuwa, ɓawon dodon koɗi ake zubawa cikin kankare maimakon tsakuwa. Hikimar iyayenmu ta cancanci a raya ta.