Kauci da Sauran Tsirrai Masu Hawa Itace

A dajin Kamuku na Birnin Gwari da gonakin kewayensa, akwai tsirrai masu rayuwa a jikin itatuwa. Iri uku ne.

Na farko masu yaɗo, kamar ciwo da yaɗiya. Saiwarsu tana cikin ƙasa. Hasken rana suke nema, shi ya sa suke hawa.

Na biyu irin su cediya da gamji. Wani lokaci sukan tsiro a kan wani itace, su sako saiwa ƙasa. In sun girma sukan shaƙe shi.

Na uku kauci. Ba shi da saiwa a ƙasa. Tsuntsu kan ci 'ya'yansa, ya bar ƙwayar mai danƙo a reshe. Sai ta tsiro, ta huda reshen, tana shan ruwan itacen. In kauci ya yi yawa, kaɗanya da ɗorawa sukan rage 'ya'ya, har su bushe. An yi asarar man kaɗe da daddawa ke nan.

Manoma, ku duba itatuwanku da rani, lokacin da ganye ya zube. Ku sare reshen da kauci ya kama, daga ƙasan inda ya manne. Tsinke ganyensa kawai ba ya kashe shi, zai sake tohowa.