Matsalolin Famfo da Injin Wankin Mota: Inda Ya Kamata a Fara Dubawa

Sana'ar wankin mota da babur ta yaɗu daga birane zuwa garuruwa da ƙauyukan da ke bakin hanya, kuma matasa da yawa da ita suke ci da kansu da iyalansu. A Amurka da ƙasashen Turai akwai wuraren da mai mota yake biyan kuɗi ya ɗauki bindigar feshi ya wanke motarsa da kansa, famfunan kuwa suna can jere a wani ɗaki na musamman. A nan wajenmu ma'aikata ne ke yin wankin, amma famfon da ke tura ruwan iri ɗaya ne, cututtukansa ma iri ɗaya ne. Mun lura cewa da zarar ƙarfin ruwa ya ragu, mai wurin yakan yanke hukunci cewa famfo ya mutu, ya shiga neman kuɗin sabo, alhali sau da yawa laifin yana wajen famfon, a tanki ko tiyo ko bakin feshi.

Kafin a taɓa komai, ya kamata a fahimci yadda na'urar take aiki. A cikin famfon akwai sanduna 3, galibi na tangaran, waɗanda suke shiga suna fita bi da bi, kowanne da bawul na shigar ruwa da na fitarsa, wato bawul 6 ke nan. Aikin famfo shi ne tura adadin ruwa a kowane minti. Ƙarfin da ake gani kuwa yana samuwa ne saboda an tilasta wa ruwan nan fita ta ɗan ƙaramin rami da ke bakin feshi. Sabili da haka, idan yashi ya cinye ramin ya faɗaɗa, ƙarfin zai faɗi ko da famfon lafiyarsa ƙalau. Bakin feshi shi ne abu mafi araha a duk na'urar, don haka shi ake fara canzawa a gwada. Launinsa yana nuna faɗin feshinsa: ja yana fitar da ruwa tsaye kamar kibiya, rawaya digiri 15, kore digiri 25, fari digiri 40, baƙi kuwa na sabulu ne, ba ya ba da ƙarfi. Mun sha ganin an kira bakanike daga nesa, ashe baƙin baki ne aka manta a kan bindiga. Jan kuwa bai dace da jikin mota ba, domin yana iya ɓare fenti.

Daga nan sai a koma ga ruwan da ke shiga, kuma a nan ne mafi yawan ɓarna take farawa. Yawancin wurarenmu ba su da ruwan famfo na gwamnati. Daga rijiyar burtsatse ko 'yan garuwa ake cika tanki ko durom, inji kuma ya ja daga ciki. Famfon wanki an yi shi ne don turawa, ƙarfinsa wajen zuƙo ruwa kaɗan ne. Idan tankin yana ƙasa da inji, ko tiyon shiga ya yi tsawo, ko ya yi siriri, ko ya lanƙwashe, ko matatar ruwa ta toshe, famfon yakan shiga yunwar ruwa. A wannan hali kumfa ƙanana suna tasowa a cikinsa suna fashewa da ƙarfi, suna cin bawul da robobin da ke hana yoyo, waɗanda bakanikai ke kira sil. Alamar ita ce ƙara kamar ana kaɗa tsakuwa a gwangwani, tiyo yana karkarwa, ruwa yana fita yana yankewa. Haka ma yake faruwa idan iska tana shiga ta wani mahaɗi da ba a ɗaure da kyau ba.

Gwajin ba shi da wuya. A cire tiyon shiga daga jikin famfo, a sa shi a bokiti mai lita 20, a duba agogo. Idan an rubuta a jikin famfon cewa yana cin lita 15 a minti guda, to wajibi ne bokitin ya cika cikin minti guda ko ƙasa da haka. Idan bai cika ba, ba famfo ne mai laifi ba. A ɗaga tanki a kan dakali ya ɗara inji tsawo, a sa gajeren tiyo mai kauri, a kuma ɗaga bakin da ke jan ruwa daga gindin tanki inda laka ke kwanciya. Ruwan sabuwar rijiya da na kududdufi suna ɗauke da yashi, kuma ƙwayar yashi guda idan ta maƙale a bawul ta isa ta sa ƙarfi ya riƙa hawa da sauka. Kwance bawulolin a wanke aiki ne na ɗan lokaci.

Akwai kuma bawul mai sauke nauyi, wanda yake juya ruwa ya koma cikin famfo idan an saki kunamar bindiga. Ruwan da ke kewayawa a haka yana yin zafi cikin 'yan mintuna, ya ƙona robobin, idan kuma ruwan sanyi ya shigo kwatsam a kan sandar tangaran mai zafi, tana iya tsagewa. Al'adar barin inji yana aiki alhali ana goge mota da soso ko ana ciniki da mai mota ta kashe famfuna masu yawa. Idan za a dakata fiye da minti 2, a kashe. Kada kuma a matse wannan bawul har ƙarshe don neman ƙarin ƙarfi. Hakan yana ɗora wa inji nauyin da ba a yi shi dominsa ba.

A duba man da ke bayan famfo ta ɗan gilashin da ke jikinsa. Idan ya koma fari kamar nono, ruwa ya ratsa ciki, sai a canza robobi da man tare. Kamfanoni da dama suna ba da shawarar canjin farko bayan awa 50 na aiki, daga nan kuma duk bayan awa 500.

Game da injin lantarki da ke juya famfon, abin da aka fi kawo kuka a kansa shi ne ya riƙa gurnani bai tashi ba. Da farko a kashe wuta, a danna kunamar bindiga don sakin ruwan da ya matsu a tiyo, domin inji ba ya iya tashi da nauyi a kansa. Idan bai yi ba, a duba kapasita, wadda kan kumbura idan ta lalace, sannan a auna wutar. Ana sa ran samun wajen bolt 230, amma a ƙauyukan da ke ƙarshen layi takan yi ƙasa ƙwarai, kuma idan wuta ta yi rauni inji yakan yi zafi har wayoyin cikinsa su ƙone. Doguwar waya siririya tana jawo irin wannan. Inji mai layi 3 kuwa, idan layi ɗaya ya ɗauke, a kashe shi nan take. Mai amfani da janareto ya sani cewa a lokacin tashi inji yana jan wuta ninki 5 ko fiye na abin da yake ci yana tafiya. Lissafin girman inji shi ne: a ninka litocin minti guda da ƙarfin ruwa a ma'aunin bar, a raba da 600. Famfo mai lita 15 a kan bar 100 yana buƙatar kilowat 2.5, idan aka ƙara abin da ke salwanta sai a nemi inji mai kilowat 3. Muna jan hankalin jami'an ƙananan hukumomi da ke sayen kayan sana'a domin matasa da su karanta farantin da ke jikin inji, musamman kayan gwanjo. Wanda aka yi domin Amurka an tsara shi a kan wuta mai bugu 60 a daƙiƙa, tamu kuwa 50 ce, don haka zai juya a hankali ya ba da ruwa ƙasa da abin da aka rubuta, wani ma na bolt 120 ne.

Injin fetur, irin su Honda GX160 da makamantansa, matsalarsa ba ta wuce ta janareto ba: fulogi, kafireto da tsohon mai ya toshe, da matatar iska da ƙurar hunturu ta cika. Da yawansu suna kashe kansu idan baƙin mai ya yi ƙasa ko an ajiye su a karkace. Idan da bel tsakanin inji da famfo, a tabbatar bai saki ba.

Kada a kunna injin fetur a cikin rufaffen ɗaki, domin hayaƙinsa yana kisa. Kada a taɓa wayar inji da jiƙaƙƙen hannu, kuma kada a nemi inda tiyo ke yoyo da yatsa. Ruwa mai wannan ƙarfi yana huda fata ya shiga nama, raunin ya yi kama da ɗan tsinke a waje alhali ɓarnar tana ciki. Duk wanda hakan ta same shi a kai shi asibiti a ranar, a kuma gaya wa likita cewa ruwan injin wanki ne ya huda shi.