Daga 1830 zuwa 2029: Abin da Shekaru Ke Faɗi Kan Kayan Tarihin Zariya

Shekaru huɗu sun isa su nuna yadda aka raba gidajen adana kayan tarihi a Nijeriya: 1945, 1952, 1957 da 1975. A 1945 aka buɗe na farko a Esie, cikin Jihar Kwara ta yanzu, saboda ɗaruruwan gumakan dutse da ke wurin. Na Jos ya biyo baya a 1952, bayan masu haƙar kuza sun yi ta tono kawunan yumɓu na Nok tun daga 1928. Legas ta samu nata a 1957 don ita ce fadar gwamnati a lokacin, Kaduna kuwa sai a 1975. Wato dai gidan tarihi yana bin ɗayan biyu ne: inda aka tono abu, ko inda mulki ya zauna.

Zariya ba ta cikin wannan jeri na farko, alhali a nan aka yi abin da ya sauya zanen zamani a ƙasar. A 1958 wasu ɗaliban kwalejin da ta zama Jami'ar Ahmadu Bello a 1962, irin su Uche Okeke da Demas Nwoko da Bruce Onobrakpeya da Yusuf Grillo, suka kafa ƙungiyar masu zane ta Zariya. Shekara uku kacal ta yi, zuwa 1961, amma har gobe ba a ba da labarin zanen Nijeriya ba tare da ita ba. Mai son ganin ayyukansu a yau ya fi samunsu a Legas da Landan.

Dalilin wannan giɓi, a ganina, shi ne dukiyar Zazzau ta ginin ƙasa ce, ba ta shiga akwatin gilashi. Babban Masallacin Juma'a da ke kusa da fada, Babban Gwani Muhammadu Durugu ne ya gina shi a shekarun 1830, zamanin Sarki Abdulkarim. A lissafa: ya doshi shekara 190 a tsaye lokacin da wani sashensa ya rufta a watan Agustan 2023 ana tsakiyar sallar la'asar, aka rasa aƙalla mutum 7. Ginin ƙasa ba ya neman mai gadi da tikiti. Yaɓe yake so da gyaran indararo kafin kowace damina. Damina 190 ke nan, kowacce da nata kuɗin gyara. Abin mamaki, kwaikwayon masallacin yana can gidan tarihin gine-ginen gargajiya na Jos, inda ɗan makaranta zai tsaya ya ƙare wa bakan-gizonsa kallo.

Lissafin Wusasa ya fi gajarta, amma ya fi matsowa. Dokta Walter Miller, ɗan mishan, ya zauna cikin birnin Zariya daga 1905, sai a 1929 mishan ta koma Wusasa, bayan ganuwa, aka gina cocin St. Bartholomew da tubali bisa tsarin maginan Hausa. A 1932 Littafi Mai Tsarki ya fito da Hausa, aikin da Miller ya yi ruwa ya yi tsaki a ciki. A makarantar wannan ƙaramar unguwa Janar Yakubu Gowon ya yi karatu, haka ma Farfesa Ishaya Audu. Ɗaya ya riƙe ƙasa, ɗaya ya riƙe jami'a, dukansu daga 1966 zuwa 1975.

A 2029 cocin zai cika shekara 100. Hukumar kula da gidajen tarihi ta ƙasa, wadda aka kafa a 1979, ita kuma za ta cika 50 a shekarar. Baje kolin hotuna da takardun mishan ya dace da bikin, babu shakka. Sai dai kafin a buga kati, a fara tambayar nawa aka ware wa maginan da suka iya kwaɓa ƙasa da ɗora azara, kuma su nawa suka rage a Zariya.