Yadda A Ke Gane Kamfanin Kirki Kafin A Ba Shi Ma'aikata

Da zarar an gama girbi an kai amfanin gona rumbu, sai samari su shiga haramar cin rani. Waɗansu su nufi masana'antun Kano na Bompai da Sharaɗa da Challawa, waɗansu wuraren haƙar ma'adinai, waɗansu kuwa wakilin kamfani ne kan zo har ƙofar fada ya nemi Hakimi ya sa a yi masa shela. Talaka in ya ji shelar ta fito daga fada, ɗauka ya ke yi Hakimi ya bincika ya yarda. Don haka a ka rubuta wannan takarda, domin Hakimai da malamansu su san abin da za su tambaya kafin su ba da baki.

Dattawa ba su manta da ɗiban gwamna ba. A 1942, bayan Japan ta ƙwace Malaya inda Ingila ke samun yawancin kuzarta, sai Gwamnatin Turawa ta aza wa lardunan Arewa ɗiban mutane ala tilas zuwa haƙar kuza a ƙasar Jos, kowace gunduma da adadin da a ka yanka mata. Mutanen da su ka saba da zafi a ka kai su kan duwatsu masu tsananin sanyi, ga ƙarancin abinci, ga makwanci marar kyau. Da yawa su ka mutu, da yawa su ka gudu, sai a 1944 a ka daina. Gwamnati ce ta ba da umurni, amma ta hannun sarakuna da dagatai a ka ɗebi mutanen, su ne kuma iyayen yara su ka riƙa kallo. Yau Tsarin Mulki na 1999 ya hana aikin tilas, amma har yanzu wanda ya yi shela shi a ke fara tuhuma.

Abin da za a fara tambaya shi ne takarda. Dokar Ƙwadago ta 1974 ta wajabta wa mai ɗaukar ma'aikaci ya ba shi takarda kafin wata uku su cika, wadda ta bayyana sunan mai aikin, da irin aikin, da lada da lokacin biyansa, da sa'o'in aiki, da hutu, da yadda za a rabu. Kamfanin kirki ba ya jiran wata ukun, tun ranar farko ya ke bayarwa, ya kuma sa a karanta wa wanda bai iya Turanci ba da harshen da ya ke ji. A lura da wata dabara da ta yawaita, watau a ɗauki mutum a ce masa lebura ne na wucin gadi, in ya kusa wata uku a sallame shi, bayan mako guda a sake ɗaukarsa kamar baƙo. Ta haka mutum zai shekara goma yana ɗaukar buhu a gida ɗaya, ba shi da hutu, ba shi da fansho, ran da ƙarfinsa ya ƙare a ce ba a san shi ba. Haka kuma wanda a ka ɗauka ta hannun ɗan kwangila, lalle a tambaya tun da fari: in ya ji rauni, wa zai biya, kamfani ko ɗan kwangila? Wakilin da ya yi kame-kame wajen amsa wannan ya riga ya ba da amsa.

Sa'an nan lada. Doka ta ce a biya da kuɗi, kada tsakanin biya da biya ya wuce wata guda, kada kuma a tilasta wa ma'aikaci sayayya a kantin kamfani. Mafi ƙarancin albashi tun 2024 shi ne naira 70,000 a wata, ko da ya ke wurin da ma'aikatansa ba su kai 25 ba dokar ba ta hau kansa ba. A ganina biya a kan lokaci ya fi 'yar ƙarin da ba ta da rana, gama magidancin da a ka riƙe wa albashi mako biyu ya riga ya ci bashin mai hatsi, in kuɗin sun zo hannunsa kawai za su ratsa.

Hutu kuwa doka ta yanke mafi ƙarancinsa: yini guda cikin kowane bakwai, kwana 6 da biya bayan an yi wata 12 a na aiki, kwana 12 na ciwo a shekara in likita ya shaida, mace mai ciki kuma mako 12, da rabin albashi aƙalla in ta yi wata 6 a wurin. Wannan ƙasan ma'auni ne. Mai aikin da ya san ya kamata ya kan ƙara, ya kuma tsara lokacin sallar Juma'a da na azumi ba sai an roƙe shi ba.

Batun lafiyar jiki shi ne inda ido ya fi kunne. In da hali malamin Hakimi ya je da kansa ya duba: akwai ruwan sha da makewayi, injuna suna da murfi, masu aiki cikin ƙura suna da abin rufe hanci, ƙofofin fita kuma a buɗe su ke lokacin aiki? Wannan na ƙarshe ba ƙaramin abu ba ne. A watan Yuni na 2020 'yan sanda sun fitar da ma'aikata fiye da ɗari daga wata masana'antar shinkafa a Kano, inda a ka kulle su watanni lokacin annobar korona, an hana su zuwa gida. Yaron da bai kai shekara 16 ba kuwa, ba a sa shi aikin inji ko shiga rami. Dokar diyya ta 2010 ta sa mai aiki ya riƙa zuba kashi 1 cikin 100 na jimlar albashin ma'aikatansa a asusun NSITF, daga nan a ke biyan wanda ya ji rauni ko magadan wanda ya rasu. Ta fansho ta 2014 kuma ta ce kamfani ya zuba kashi 10, ma'aikaci kashi 8. Duk kamfanin da ke biyan waɗannan yana da shaidar biya, ba kuwa zai ji nauyin nuna ta ba.

Akwai kuma abin da ba a gani a takarda, watau ko ma'aikaci yana da inda zai kai kuka ban da wurin heluman da ya cuce shi. A haƙar kwal ta Enugu gardamar lada ce a ka bari ta daɗe ba a saurara ba, har ranar 18 ga Nuwamba 1949 'yan sanda su ka harbe ma'aikata 21. Kamfanin da ya bar mutanensa su ka shiga ƙungiya, ya ke kuma zama da wakilansu, ya kan ji labarin ɓarna tun tana ƙarama.

In wakili ya zo, a nemi ya nuna lasisinsa na ɗaukar ma'aikata daga Ma'aikatar Ƙwadago ta Tarayya. Kada a karɓi goro a kan kowane kai, gama wanda ya karɓa ba shi da bakin magana ran da a ka dawo da yaro da guntun hannu. Malami ya buɗe littafi ya rubuta sunan kowane mai tafiya, da ƙauyensu, da sunan kamfani, da ladan da a ka yi alkawari a gaban shaidu, da ranar tashi. In rigima ta taso, da wannan littafi za a je ofishin ƙwadago na babban birnin jiha, in ba a daidaita a can ba a wuce Kotun Ma'aikata ta Ƙasa.