Mai Ganga da Mai Bes: Su Wa Za Su Riƙe Kiɗan Biki a Dutse?

Duk wanda yake halartar bukukuwan aure a Dutse da garuruwan da ke kewaye da ita, daga Kiyawa zuwa Jahun da Birnin Kudu, ya san yadda sautin biki ya koma a 'yan shekarun nan. Dije ne zai zo da kwamfutarsa da manyan sifikoki, ya tayar da janareta, ya dinga sakin waƙoƙin Hamisu Breaker da Ado Gwanja da Umar M. Shareef ɗaya bayan ɗaya. Idan masu biki suna da hali suka gayyato mawaƙi, galibi da filash yake zuwa a aljihu, a saka kiɗan da aka riga aka haɗa a situdiyo, shi kuma ya ɗora murya a kai, wani lokacin ma baki kawai yake motsawa. Mawaƙa kam sun wadata, kusan kowace unguwa da nata. Makaɗi ne ya yi wuya, wato mutumin da ke zaune a baya yana riƙe da kiɗan da hannunsa da ƙafarsa. A ganina, hanyar da ta fi kusa ta dawo da irin wannan mutum ita ce wadda aka fi rainawa: ƙungiyar da ke kaɗa waƙoƙin wasu kai-tsaye a wurin biki, wadda mai ganga da mai jitar bes suke ɗauke da nauyinta.

Jitar bes tana da tsirkiya huɗu masu kauri, kuma kamfanin Fender na Amurka ne ya yaɗa ta a kasuwa tun daga 1951. Tsirkiyarta mafi kauri tana girgiza kusan sau 41 ne kawai a daƙiƙa, shi ya sa ƙirji yake riga kunne jin ta. Jerin gangunan zamani kuwa dabara ce ta haɗa aikin mutum uku ko huɗu a jikin mutum ɗaya: ƙafar dama tana taka babbar ganga, ta hagu tana buɗewa da rufe faya-fayen tagulla biyu, hannaye kuma suna kan ƙaramar ganga mai wayoyi a ƙasanta da sauran 'yan uwanta. Aikin mutanen nan biyu shi ne su haɗe wuri guda, bugun babbar ganga ya faɗo daidai inda mai bes ya taɓa tsirkiya. In sun haɗu, ko mawaƙi ya ɗan kauce babu mai lura. In suka saɓa, duk zaƙin muryar mawaƙi masu rawa za su koma kujerunsu, kuma da yawansu ba za su iya faɗin dalili ba.

Masu cewa wannan tsari baƙo ne a ƙasar Hausa kayan kawai suka kalla, ba su saurari aikin ba. Ƙungiyar kalangu tun asali a kan wannan rabon aiki aka gina ta: kuntukuru yana riƙe da bugu guda ba ya sauyawa, wani kalangun yana amsawa, babban kuma yana yawo yana magana, makaɗi yana matsa tsirkiyoyinsa a hammata don ya ɗaga murya ko ya saukar. A kiɗan amada na mata, ƙwaryar da ake kifawa a kan ruwa ita ce mai ba da kaurin sauti, ƙananan ƙoren suna zuba a kanta. Wanda ya saba jin Mamman Shata yana gane waƙar da za a yi daga tashin kalangu, tun kafin Shata ya buɗe baki, haka ma gurmin Haruna Uji na Haɗeja. Tarihin yankin nan da bugu ya ma wuce haka nisa. A Birnin Kudu, kusa da kogunan duwatsun da ke ɗauke da tsofaffin zane-zanen shanu, akwai duwatsun da ke amsa amo in an buge su, kuma masanin kayan tarihi Bernard Fagg ya yi rubutu a kansu a tsakiyar shekarun 1950. Kunnen mutanen tsakiyar Jigawa ya daɗe da sanin bambancin sauti mai kauri da siriri, da yadda ɗaya ke ɗaukar ɗaya.

To me ya kori makaɗi? Babban dalili shi ne fiyano. A shekarun 1990 situdiyoyin Kano suka rungumi fiyanon Yamaha samfurin PSR, wanda ke ɗauke da sautin ganga da na bes da na sarewa a cikinsa, kuma nasarar waƙar fim ɗin Sangaya a 1999 ta tabbatar wa kowa cewa yaro ɗaya a ƙaramin ɗaki zai iya yin abin da dā sai mutum shida. Dutse ta faɗo daidai wannan gaɓa. An ƙirƙiri Jihar Jigawa a 27 ga Agusta, 1991, garin ya fara girma a matsayin garin ma'aikata a lokacin da fiyano ke shigowa, don haka bai taɓa samun al'adar ƙungiyoyin kulob da otal ba irin wadda Kaduna ta samu da Bala Miller, ko Jos da Sahara All Stars. Da aka ƙaddamar da shari'a a 2000, irin wuraren da ƙungiyoyi ke samun wasan dare a wasu garuruwa suka ƙara taƙaituwa. Yau in ana neman jerin ganguna a Dutse, sai a coci, ko wurin 'yan badujalar 'yan sanda, ko sansanin masu yi wa ƙasa hidima da ke Fanisau, ko a hannun wasu ɗaliban Jami'ar Tarayya da aka kafa a 2011. Makaɗan kalangu da ganga kuma suna nan a wurin dambe da hawan salla da bikin ƙauye, amma ɓangarorin biyu ba safai suke zama a dandamali ɗaya ba.

Suka ta farko da ake yi wa ƙungiyar da ke kaɗa waƙar wasu ita ce rashin basira: wai mai fasaha nasa yake ƙirƙira. Wannan magana ta manta yadda ake koyon kiɗa a ko'ina. Yaron makaɗi a ƙasar Hausa yakan yi shekara da shekaru yana riƙe da ƙaramar ganga ko yana amshi, yana maimaita abin da ubangidansa ya tsara, kafin a ba shi babban kalangu. 'Ya'yan Musa Ɗanƙwairo sun ci gaba da rera waƙoƙin mahaifinsu bayan rasuwarsa a 1991, ba wanda ya kira su ɓarayi. A Turai, 'yan ƙungiyar Beatles sun yi wasannin dare masu tsawo a Hambag ta Jamus tsakanin 1960 da 1962, galibi da waƙoƙin mawaƙan Amurka, kafin duniya ta san nasu. Kusa da mu, ƙungiyar Tal National ta Yamai ta yi suna ne da wasan sa'o'i da dama a dare, sau da yawa a mako, tana sabunta tsofaffin waƙoƙin Hausa da Zabarma da Fulani da Buzaye, kuma wannan gogewar ce aka ji a faifanta Kaani da ya fita kasuwar duniya a 2013. Hannu ba ya ƙwarewa sai da yawan bugu a gaban mutane, mutane kuma ba sa tashi rawa sai da waƙar da suka sani.

Bugu da ƙari, kaɗa waƙar nanaye ta zamani da hannu ba kwaikwayo ne tsagwaronsa ba. Na'ura ce ta haɗa kiɗan, kuma na'ura tana iya jera bugu shida a lokaci guda, abin da gaɓoɓi huɗu ba za su iya ba. Dole mai ganga ya zaɓi abin da zai riƙe da abin da zai bari, ya gano wane bugu ne in aka cire shi waƙar ta daina zama ita. Shi kuma mai bes yana da matsalar da takwaransa na Ingila ba shi da ita sosai: Hausa harshe ne mai karin sauti, waƙa tana bin hawa da saukar kalma, kuma yawancin waƙoƙinmu a kan muryoyi biyar suke tafiya. Mai bes da ya kwaso salon waƙoƙin coci na Kudu ko na rege ya zuba a ƙarƙashin waƙar Nura M. Inuwa zai cika wurin da hayaniya, ya danne kalmomin da mutane suka zo ji. Malamin da ya fi dacewa da shi shi ne mai kalangu, wanda ya san inda ake shiga da inda ake barin fili. Wannan shi ne ilimin da babu a filash, kuma babu makarantar da ke koyar da shi sai dandalin biki.

Akwai kuma abin da masu biki da kansu suke asara ba tare da sun lissafa ba. Waƙar da aka naɗa tsawonta ƙayyadadde ne, ko uwar amarya ta fito fili ko ba ta fito ba. Makaɗi yana kallon fili. In ya ga ƙawayen amarya sun taso, zai ja baitin ya maimaita. In ya ga gajiya, ya sassauta. In wani babba ya shigo, ya juya zuwa takensa, mawaƙi ya yi masa kirari, sannan a koma inda aka tsaya. Liƙi ma a nan yake fitowa, don mutum ya fi sakin hannu in ya ji da shi ake. Dije yana iya mayar da waƙa baya, amma ba ya iya sa ta jira kowa.

Suka ta biyu ta fi ƙarfi, kuma ba a kawar da ita da daɗin baki: tsada. Jita da tsirkiyoyinta da fatun roba na ganguna duk daga waje ake shigo da su, farashinsu yana bin dala, kuma in tsirkiya ta tsinke a Dutse sai an aika Kano, wani lokacin har Legas. Tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023, kuɗin janareta da na motar ɗaukar kaya sun ninka. Sauti mai kauri kuma shi ya fi kowane cin wuta. Da zarar ƙaramin janareta ya fara nishi, bes ne ke fara dushewa. Bikinmu a fili ake yi ko ƙarƙashin rumfa, babu bangon da zai dawo da sautin, sai ya watse. Ƙurar hunturu tana shiga maɓallan amfilifaya, zafin bazara yana lanƙwasa wuyan jita in an bar ta a mota, damina kuma tana sakin fatar kalangu. Duk wannan gaskiya ne. Amma kuskuren lissafin shi ne a ɗauka sai ƙungiyar mutum goma da motar kaya. Mutum huɗu sun isa: mai fiyano, mai bes, mai ƙaramin jerin ganguna, da mai kalangu. Kayan da suka fi tsada, wato sifikoki da miksa da janareta, suna hannun dije tuni, kuma ana iya jona bes kai-tsaye cikin miksarsa da ƙaramin akwati. Dijen da ya haɗa kai da makaɗa huɗu yana da abin sayarwa wanda abokin gasarsa ba shi da shi.

Masu ƙin kiɗa don dalilin addini suna da matsayinsu, kuma matsayin ya shafi dije kamar yadda ya shafi makaɗi. Maganar nan ta wuraren da ake kiɗan ce tun farko. A can ma, ƙungiya ta fi filash jin magana, don ana iya gaya mata ta tsallake baitin batsa, ta tsaya in an kira salla. Batun haƙƙin mallaka ma haka yake. Dokar haƙƙin mallaka ta 2022 ta ba mai waƙa iko a kan yin ta a bainar jama'a, kuma wanda ya saki faifai a taro bai fi wanda ya kaɗa da hannu kuɓuta ba.

Inda nake ganin abin zai iya rushewa shi ne cikin gida, wurin rabon kuɗi. Liƙi a goshin mawaƙi yake sauka, shi ake ɗauka a waya, sunansa ake bugawa a katin gayyata. Mai ganga ne farkon zuwa don ya kafa kaya, shi ne na ƙarshen tafiya, kuma sandunansa da fatunsa daga aljihunsa suke fita. A tsohon tsari ubangida yana ciyar da yaransa, ya yi musu aure, ya raba abin da aka samu bisa matsayin da kowa ya sani, ko da rabon ba daidai ba ne. Wannan tsari ya tafi, ba a kuma maye gurbinsa da komai ba, sai “za mu yi magana bayan biki”. Ga kuma kallon maroƙi da har yanzu ake yi wa mai riƙe da ganga, alhali mai riƙe da makirfo ya zama tauraro. Saurayin Dutse da ya kwashe shekara uku yana koyon bes zai duba wannan, ya ga abokinsa da ya koyi haɗa kiɗa a kwamfuta cikin 'yan watanni yana karɓar kuɗinsa kafin ya taɓa maɓalli. Ƙungiyar da ke son riƙe shi sai ta yanka masa kuɗin wasa tun kafin a ɗora kaya a mota, ta ware masa kaso sananne daga liƙi, ta kuma cire kuɗin tsirkiya da fata daga asusun kowa kafin a raba.